Ranar da Na Buga wa Wasiƙar Amurka Hatimi

Ban taɓa mantawa da wata ranar Litinin ta farkon damina ba, ranar da na ɗaga hannuna na buga hatimi a kan takardar da ta girmi kakan kakana. Ko na so in manta, tsofaffin abokan aikina ba za su bar ni ba. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya daga cikin aikina, gara ku ji wannan daga bakina, don wanda ake yawo da shi a gari an zuba masa gishiri da yawa.

Sunana Habu, amma a ofis Malam Habu Rajista ake ce min. Ofishinmu na shiyya ne, ba sai na kama suna ba, yana kula da gine-ginen makarantu da ɗakunan karatu a ƙasar Rano da Kibiya. Ni ne shugaban rajista. Ga wanda bai yi aikin gwamnati ba, rajista ita ce ƙofar da takarda take shiga ofis. Duk wadda ta zo, abu uku ake yi mata. A buga mata hatimin karɓa a kusurwar sama ta dama, a rubuta mata lamba da jan biro, a huda ta a kusurwar hagu a zura igiya a ɗaure ta cikin fayil. Daga nan fayil ya tashi zuwa teburin manya, kowa ya rubuta umarninsa a wata farar takarda da ke gaba, abin da muke kira minit. Takardar da ba ta bi ta wannan hanya ba, a wurinmu ba ta zo ba, ko da tana hannunka kana kallonta.

A lokacin saura wata uku in yi ritaya, kuma abin alfaharina a duniya guda ɗaya ne. Ban gina bene ba, ban sayi mota ba, amma tun ranar da aka ɗauke ni aiki ba a taɓa ba ni takardar tuhuma ba, wadda muke cewa kwairi. Fayil ɗina fes yake. Na faɗa a ofis, na faɗa a majalisar ƙofar gida, na faɗa wa surukaina, maiɗakina ma har ta haddace tana ƙarasa min. Na riga na tsara a raina cewa ranar walimar sallama Darakta zai ɗaga fayil ɗin nan sama ya nuna wa yara, ya ce su yi koyi. Abin da nake gadi ke nan a wata ukun da suka rage.

Wajen ƙarfe goma na safe wani dattijo ya yi sallama, takalminsa duk laka. Ya ce shi ne Alhaji Inuwa daga Fammar, manomin gyaɗa, kuma Darakta yake nema. Na ce masa Darakta ya tafi kwas Kaduna, sai bayan wata ɗaya da rabi, mataimakinsa Alhaji Ɗanlami ne ke riƙe da ofis. Sai ya cire hularsa, ya zaro wata ninkakkiyar takarda daga ciki.

Ya ce, "Ƙanena ne ya ce in ba Darakta hannu da hannu. Maganar makaranta ce."

Na ce, "Alhaji, a nan babu hannu da hannu, akwai rajista. Wane ne ƙanen naka?"

Ya ce, "Lawan ɗinmu."

Na ce, "Malamin makaranta ne?"

Ya ce, "Haka dai yake cewa. Tun da ya bar gona ban ga ya iya wani abu ba sai koyarwa."

To ni a raina na gama sanin komai. Wani hedimasta ne ya aiko yayansa da koke. Na buɗe takardar. Launinta kamar an tsoma ta a ruwan shayi, tawadar ja-ja-ja, rubutun duk a kwance gefe ɗaya kamar geron da iska ta bi ta kansa. Kada ku yi saurin yi min dariya. Na ga koke iri-iri daga ƙauye. Na ga wanda hayaƙin madafa ya rina, na ga wanda aka ƙunshe goro a ciki, na ga wanda ruwa ya doka aka shanya a kan danga. Tsofaffin masu rubuta wasiƙa na bakin kotu ma haka suke lanƙwasa rubutu don a ce sun iya. Na gane Turanci ne, na tsinci kalma biyu ko uku, makaranta da ruwan sama. Sauran kuwa ko oho. Amma shugaban rajista ya ce bai iya karanta takarda ba a gaban manomin gyaɗa? Ai sai na gyaɗa kai kamar na fahimta, na ja hatimi. Da safen nan na zuba wa soson sabuwar tawada, don haka ya fito shar, shuɗi mai kyau, daidai kan wurin da marubucin ya sa sunan garinsa da kwanan wata. Na rubuta lamba da ja, na huda, na ɗaure. Alhaji Inuwa ya ce Allah ya yi albarka, ya mayar da hularsa ya tafi.

Fayil ya je teburin Alhaji Ɗanlami. Ni na kai da kaina. Ya sa tabarau, ya kawo takardar kusa, ya kai ta nesa, ya yi gyaran murya, ya ce, "Lallai wannan magana ce babba." Sai ya rubuta minit zuwa ga shugabar sashen makarantu, a duba a ba da shawara. Bayan shekaru, a wurin wani ɗaurin aure, ya amsa min cewa ko layi ɗaya bai karanta ba, ya ga ni na gane ne ya ji kunya.

Shugabar sashen makarantu Hajiya Talatu ce, tsohuwar malamar Turanci, mace mai naci. Duk ofishin ita kaɗai ta zauna wa takardar. Kwana biyu ta yi da gilashin ƙara girma, sannan ta kira ni.

Ta ce, "Malam Habu, wannan Turancin ya yi nauyi, ban taɓa ganin irinsa ba. Amma kukan na san shi. Shugaban makaranta ne yake rubuta wa wani mai girma ɗan majalisa. Ya ce rufin ɗakin littattafai yana yoyo, ruwa na zuba a kan littattafai, ɗalibai suna ta tari, kuma tun bara aka yi masa alkawari ba a cika ba. Wace makaranta ce? Hatiminka ya rufe sunan."

Na ce, "Hajiya, ta wajen Fammar aka kawo, wani Malam Lawan ne."

Ta duba jerin hedimastocinta, babu Lawan a Fammar, kuma sunan da ke ƙasan takardar wani dogon zane ne mai jela, ba a gane kansa balle ƙafarsa. Amma kalma ɗaya ta riga ta shiga kunnen kowa, ɗan majalisa. In takarda ta ambaci ɗan majalisa, to kowa a ofis sai ya fara tunanin wa ya aiko ta, wa zai bugo waya gobe. Nan da nan Hajiya ta rubuta wa shugaban sashen ayyuka, Injiniya Bala, cewa a gano makarantar cikin gaggawa.

Injiniya Bala ya hau babur ya bi makarantun yankin. Da ya dawo da yamma ya zube a kujerata yana share gumi. Ya ce ya je makaranta huɗu, duk hedimastan da ya tambaya ko shi ya rubuto koke kan yoyo, sai ya ce ƙwarai shi ne. Ɗaya har ya ƙara da cewa ya san Turancin zai ba mu wahala. A ta biyar ne, wata firamare can bayan Durba, ya tarar da abin da ya ɗaga masa hankali. Kwanon ajin ya huhhuje, an tara littattafai a kan benci an lulluɓe da buhu, in hadari ya haɗo sai a tattara yara a kusurwa ɗaya a tsaye. Hedimastan wurin, Malam Isiyaku, shi kaɗai ya ce ba shi ya rubuta ba.

Ya ce wa Injiniya, "Ni na gaji da rubutu. Amma in wani bawan Allah ya rubuta mana, Allah ya saka masa."

Injiniya ya rubuta a minit cewa an gano makarantar. Akwai ragowar bandir na kwano da katako a sito daga wani aiki da aka gama, Alhaji Ɗanlami ya sa hannu a fitar kafin ɗan majalisa ya kira. Cikin mako uku an rufe ajin. Wallahi tun da nake ban taɓa ganin fayil ya yi gudu kamar wannan ba. Ya dawo teburina don a rufe shi, ni kuma ina ta jin daɗi ina cewa ga amfanin bin ƙa'ida.

Ranar da zan rufe shi ne Malam Shehu na Rurum Tsohon Gari ya shigo. Malamin zaure ne, ya gaji littattafan hannu daga iyaye da kakanni, kuma ya zo neman a taimaka masa da kabad don gara ta fara taɓa masa su. Bai yi boko ba, ko baƙi ɗaya na Turanci bai sani ba. Yana zaune yana jiran in samo masa fom, sai idonsa ya faɗa kan fayil ɗin a buɗe. Ya nemi izini. Na ga ya goge hannunsa a riga sau biyu, ya yi bismillah, ya kwance igiyar a hankali, ya ɗaga takardar saitin taga. Ya daɗe yana kallo. Ya shinshina ta, ya murza gefenta da ɗan yatsa kusa da kunnensa.

Ya ce, "Malam Habu, ina ka samo wannan?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, koke ne daga ƙauye."

Ya ce, "A'a. Zo ka gani. Ka ga layukan nan a cikin jikinta? Takardar hannu ce, da tsumma aka yi ta. Ka ga yadda tawadar ta ci ta har ta fito ta baya? Wannan ba aikin shekara goma ba ne, ba na hamsin ba ne. Ina da littafin da kakan kakana ya rubuta, wannan sa'arsa ce, in ma ba ta girme shi ba." Sai ya sa yatsa kusa da hujin. "Wa ya huda ta?"

Na ce, "Wani ne a nan ofis."

Ya ce, "Allah ya shirye shi."

Na ce amin. Muryata ko ni ban gane ta ba.

Washegari Darakta ya dawo daga Kaduna. Ko zama bai yi sosai ba ya aiko a kira ni. Fuskarsa a sake, yana ta fara'a. Ya tambaye ni ko wani saƙo ya zo daga Farfesa Lawan. Da na ji Lawan ɗin nan an ɗora masa Farfesa a gaba, sai na san akwai matsala. Darakta ya yi min bayani tiryan-tiryan. Farfesa ɗan Fammar ne, ya daɗe yana koyar da tarihi a Amurka. A can ya dinga tara tsofaffin wasiƙu na shugabannin kwalejojin farko na ƙasar da 'yan siyasarsu, yana saye a hannun dillalan tsofaffin takardu. Yawanci hotonsu ne, amma akwai na asali kaɗan. Yanzu ya dawo gida, yana so ya ba da su a buɗe ɗakin karatu, yaranmu su ga tarihi da idonsu. Ya aiko da guda ɗaya ta asali, wadda ta haura shekara ɗari biyu, don Darakta ya gani a shirya mata wurin ajiya. Ranar Alhamis zai zo ya ga yadda muka riƙe ta, sannan ya yanke shawara kan sauran.

Na ce, "Ranka ya daɗe, bari in duba rajista." Na fita da baya-baya.

Ranar nan na yi tafiyar da ban yi ba tun ina saurayi. Na fara da Fammar. Na sami Alhaji Inuwa a gona, na tambaye shi ko a haka ƙanensa ya ba shi takardar, tsirara. Ya ce a'a, a cikin wani kwali mai kyau take, da leda mai kauri. Ya ga takarda ake so ta isa, ba kwali ba, shi ya sa ya cire ta ya sa a hula, kwalin kuma ya zuba takardun gonarsa da katin asibitin jikokinsa. Ya aika aka ɗauko. A manne a cikin marfin ga bayanin Farfesa da manyan baƙaƙe, da Hausa ma. Kada a ninke. Kada a taɓa sai da hannu mai tsabta. Kada a kawo biro ko tawada kusa da ita. Na karanta sau biyu a tsaye a cikin gyaɗa, Alhaji yana tambayata ko lafiya.

Daga nan na wuce Rurum wajen Malam Shehu. Wata dabara ce ta zo min a hanya. Na ce malamai kullum suna wanke tawada daga allo, ƙila akwai wata hikima. Na faɗa masa gaskiya cewa wanin nan na ofis ni ne. Ya ce ai ya sani tun jiya, amin ɗina ya yi ƙarfi da yawa.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ba yadda za a wanke hatimin nan? Ko da ɗan jiƙa auduga ne?"

Ya ce, "Wannan ba allo ba ne. In ka sa mata ruwa, naka zai zauna, na mai ita ya tafi. Ka yi mata ɓarna uku, kada ka cika ta huɗu."

Na ce to ai Alhaji Inuwa ne ya jawo, da ya kawo ta a kwalinta da haka ba ta faru ba.

Ya ce, "Shi ya ɗaga hannun?"

Ya shiga ciki ya fito da wani murfin fata da yake sa littattafansa, da farar takarda biyu, ya ce in shimfiɗa ta a tsakani in bar ta ta huta. Ya ce in je in faɗa wa shugabana da bakina kafin wani ya faɗa. Na ji haushinsa a lokacin, ba zan ɓoye muku ba. Na je neman magani ya ba ni wa'azi.

Laraba da safe na shiga wurin Darakta da fayil a hannu. Na faɗi komai. Ya buɗe, ya ga shuɗin hatimi, ya ga jar lamba, ya ga huji. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi min sauƙi. Ya ce in koma kujerata. Bayan azahar sai ga takarda daga ofishinsa, da sunana a sama, in yi bayani cikin kwana ɗaya dalilin da ba za a hukunta ni ba. Kwairi. Kuma abin takaici, ƙa'ida ta ce duk takardar ofis sai ta bi ta rajista. Haka na ɗauki hatimin nan da hannuna na buga a kan kwairina, na ba ta lamba, na huda ta, na ɗaure a fayil ɗina. Hawaye ya cika min ido, amma hatimin ya fito daidai, bai karkace ba.

Ranar Alhamis Farfesa ya iso tare da yayansa. Dogon mutum ne, siriri, furfura ta cinye kansa, Hausarsa garau kamar bai taɓa barin Fammar ba. Aka zauna a ofishin Darakta, da Alhaji Ɗanlami da Hajiya Talatu da Injiniya Bala, ni kuma a tsaye kusa da ƙofa. Darakta ya tura wa Farfesa murfin fatar. Ya yaba murfin, ya ce wannan aikin wanda ya san takarda ne. Sannan ya buɗe.

Na ga ya cire tabarau ya ajiye. Da ya yi magana, a hankali ya yi ta.

Ya ce, "Takardar nan ta tsallake gobara, ta tsallake ɓera, ta tsallake teku. Hannu nawa ta bi, babu wanda ya yi mata ko ɗigo. Sai da na kawo ta gida."

Alhaji Inuwa ya ce, "Lawan, takarda ce fa. Kada ka ɗaga wa mutane hankali."

Ya ce, "Yaya, don Allah ka yi shiru."

Na matso na ce, "Ranka ya daɗe, ni na yi. Ban iya karanta ta ba, na kuma ji kunyar in ce ban iya ba."

Farfesa ya kalle ni. Sai ya ja fayil ɗin ya fara bin minit ɗaya bayan ɗaya, ina jin don ya ga iya ɓarnar ne. Ya karanta na Alhaji Ɗanlami, ya karanta na Hajiya, ya ɗago ya ce mata karatunta daidai ne, ɗalibansa na can ma ba duka za su iya ba. Da ya zo kan na Injiniya sai ya tsaya.

Ya ce, "An gano makarantar? Wace makaranta kuka gano?"

Injiniya ya ce, "Ta bayan Durba, ranka ya daɗe. An ma rufe ta."

Ya ce, "Kun rufe ta da me?"

Ya ce, "Da sabon kwano."

Farfesa ya sa hannu ya rufe bakinsa. Kafaɗunsa suka fara rawa. Na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce ta ci ƙarfinsa, har da hawaye. Da ya samu ta lafa, ya juya takardar a hankali ya ce in matso. A bayanta akwai wani ɗan gajeren rubutu da wani hannu daban, wanda duk cikinmu babu wanda ya kula da shi.

Ya ce, "Malam Habu, wannan hannun magatakardan ɗan majalisar ne. Abokin aikinka ne. Ya rubuta daga wa ta zo, ya rubuta a ajiye. Iya binciken da na yi, ban ga inda aka taɓa ba mutumin nan amsa ba. Ku tashi ku kai ni in ga rufin."

Muka ɗunguma Durba a mota biyu. Muna isa aka fara yayyafi, kwanon yana ta ƙara, yara na zaune kowa a bencinsa, ƙasa a bushe. Malam Isiyaku ya rasa inda zai sa mu don murna. Aka yi masa bayanin wanda ya rubuta wasiƙar da lokacin da aka rubuta ta. Sai ya ce ko wane ne shi, ya san abin da mutumin ya ji. Daga nan ya juya ga Darakta.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni fa na sha rubutowa. Duk damina sai na rubuto. Ban san ko suna isa ba."

Babu wanda ya kalle ni sai Farfesa. Ni kuwa na san suna isa. Na san kabad ɗin, na san layin, na san launin fayil ɗin. Kunyar da na ji a wurin ta fi ta kwairi nesa ba kusa ba.

Farfesa ya ba da takardunsa, amma da sharaɗi uku. Malam Shehu ne zai faɗi yadda za a ajiye su. Babu wadda za ta ƙara bi ta rajista. Na uku kuma, wasiƙar nan ba za a raba ta da fayil ɗinta ba, za a ajiye su tare a akwatin gilashi, da minit ɗin kowa, da kwafin kwairina da amsar da na bayar. Ya ce abin da ya sami takarda ya riga ya shiga tarihinta. Na roƙe shi a cire kwairin, ya ce ita ce ma ta fi daɗi. Darakta bai janye ta ba, gargaɗi ya ba ni a rubuce. Ranar walima ya ɗaga fayil ɗina kamar yadda na yi ta mafarki, ya ce ga mutumin da ya yi laifi sau ɗaya tak, amma sai da ya tabbatar laifin ya kai Amurka. Aka yi ta dariya, maiɗakina ta fi kowa.

Makonnin da suka rage min ban yi su a kujera ba. Na buɗe kabad-kabad ɗin nan na dinga karanta abin da na ɗaure da hannuna shekara da shekaru. Fayil yakan hau sama, a rubuta a ajiye, ya dawo min, in mayar da shi layinsa ban ko leƙa ba. Na zaro na yoyo, na zaro na bangon da ya tsage, na dinga kai wa Alhaji Ɗanlami ina tsaya masa a ka har ya fara ɓuya in ya hango ni. Wasu an yi, da yawa ba a yi ba.

To ku da kuke kan kujerun nan yanzu, abin da na koya ke nan, a makare. Duk takardar da ta zo teburinku, akwai wani a bayanta yana jira. Ku karanta kafin ku ɗaga hannu. In ba ku gane ba, ku ce ba ku gane ba, don a ofishinmu manya huɗu muka taru a kan takarda ɗaya, wanda ya san ko mece ce shi ne wanda bai iya Turanci ba.

Na samo wasiƙun Malam Isiyaku duka, a jere, ɗaya bayan ɗaya. Na duba su da kyau. Kowacce hatiminta a daidai, lambarta a daidai, hujinta a daidai, babu inda wani zai kama ni da laifi. Ranar da zan bar ofis na hau babur na je Durba na ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe, ya ja min kujera a cikin ajin, muka zauna muna jin ruwa yana dukan kwano.